Wasa ne fa, amma ƙaryar da ta biyo dariya ta fi wuyar fita daga kai

Ranar nan muna zaune ni da ƙanina muna kallon wani wasan barkwanci a talabijin, irin waɗannan da ake jin dariyar mutane a baya duk lokacin da wani ya yi magana. Matar gidan ta juyo da kwanon suya a hannu ba ta san mijin na bayanta ba, ƙwam a ka. Mutum ya faɗi, ya tashi bai san sunansa ba, bai san matarsa ba, har yana tambayar wane ne wannan da ke cikin madubi. Aka yi ta shirme kusan minti 20, can a ƙarshe ƙofa ta sake bugunsa a wuri ɗaya, sai ga shi garau, komai ya dawo. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Sai na ji yaron nan ya ce, "Yaya ai dama haka ne, idan bugu ya ɗauke hankalin mutum sai an sake buga masa yake dawowa." Na juya na kalle shi ina jiran ya yi murmushi. Bai yi ba. Da gaske yake, kuma wannan yaro ne da ya gama sakandare.

Na sa remot na tsayar da wasan na fara bayani, abokina da ke gefe ya ce, "Kai don Allah malam, wasa ne fa, ka bari mu kalla." Tun ranar maganar nan ta tsaya mini a rai.

Matsayina dai shi ne, ina tare da masu ƙwaƙulo kurakuran kimiyya da na hankali a wasannin barkwanci, amma ba a kan komai ba. Akwai kuskuren da shi ne ma abin dariyar, wanda ya tsaya gyara shi ya ɓata lokacinsa ya ɓata na mutane. Akwai kuma wanda ke shigowa a ɓoye sanye da rigar gaskiya, mai kallo ya tashi da shi a ka bai sani ba. Wannan na biyun ne nake cewa a kama shi duk inda aka gan shi, ko da za a ce mutum ya cika iyayi.

"Wasa ne fa"

Na yarda. Kuma babu mai hankalin da zai zauna gaban katun yana lissafin cewa dabbar da ta ruga da gudu ta wuce bakin dutse ba za ta iya tsayawa a iska ba sai ta kalli ƙasa sannan ta faɗo. Kowa ya san abu faɗowa yake, har yaro ɗan shekara uku, kuma sanin nan shi ne ya sa abin ya ba da dariya. Kyanwa ta haɗiye guga cikinta ya koma siffar guga, mota ta bi ta kan mutum ya baje kamar takarda ya miƙe ya kakkaɓe riga, wutar lantarki ta ja wani har ka ga ƙasusuwansa. Marubucin da mai kallon duk sun san ƙarya ce, sun yi yarjejeniya ba tare da sun ce uffan ba. Ni ba ni da matsala da wannan ko kaɗan.

Amma dubi bugun kai ɗin nan. Shi bai yi kama da ƙarya ba. Mutane nawa ne suka taɓa ganin wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa da idonsu? Kaɗan. To da me za su auna abin da aka nuna musu? Babu. Abin da suka gani sau 50 a talabijin shi ne zai zauna.

Alhali a zahiri bugu na biyu a kan wanda bai warke daga na farko ba yana daga cikin abubuwan da likitoci suka fi tsoro, don ƙwaƙwalwa na iya kumbura cikin ƙanƙanin lokaci mutum ya tafi. Shi ya sa a wasannin motsa jiki ake cire ɗan wasan da ya bugu a ka, ba a barinsa ya koma fili ranar. Sannan mantuwar ma ba haka take zuwa ba. Galibi mutum yana manta abin da ya faru dab da bugun ne, ko ya kasa riƙe sabon abu, ka gaya masa magana yanzu bayan minti biyar ya sake tambaya. Ya manta sunansa da ko shi waye gaba ɗaya alhali yana tafiya yana hira lafiya lau, wannan abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Kuma wanda aka buga ya suma na tsawon awa ɗaya ba barci yake ba, yana cikin haɗari ne. Wani ma zai farka ya yi magana daidai, jini na taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali, bayan wasu awanni ya yanke jiki ya faɗi. A talabijin kuwa shafa ƙeya kawai ake yi a ce wash.

"Ai masu kallo ba yara ba ne"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma tana da daɗin faɗa don tana fasa wa mai kallo kai. Sai dai ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta ajiye labari tare da takardar inda ta samo shi. Ka tuna abin, ka manta majiyar. Tun 1977 masu binciken halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maimaita magana kaɗai na sa mutane su ƙara yarda da ita, gaskiya ce ko ƙarya, don dai kunne ya saba da ita. Kuma ba wai marasa ilimi kaɗai abin ke kamawa ba.

Ga misali da ya shahara. A 1997 wasan Friends na Amurka ya yi wani kashi inda wata halittar teku mai harbi, jelifish, ta harbi ɗaya daga cikinsu a bakin teku, maganin da aka yi mata shi ne fitsari a kan wurin, kuma a wasan ya yi aiki. Ba su suka ƙirƙiro camfin ba, dama yana yawo, amma sun kai shi gidajen miliyoyin mutane. Har yau masu aikin ceto a bakin teku na fama da shi. Gaskiyar kuwa fitsari ba ya magani, yana ma iya sa ƙwayoyin harbin da suka maƙale a fata su ƙara sakin dafi, kamar yadda ruwan famfo ke yi. Abin da ake so shi ne a cire zaren da ya manne, a wanke da ruwan teku, a sa wurin cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa.

An ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. To da wasa kuma ake cusa wa mai hankali ƙarya. Idan kana kallon labarai ko muhawara, a shirye kake, kana tace abin da ake faɗa. Idan kana dariya ka ajiye makamanka. Babu wanda ke ƙyaƙyatawa yana cewa bari in bincika.

Kuma irin waɗannan suna da yawa. Mai farfaɗiya ya faɗi a ruga a tura masa cokali a baki wai kar ya haɗiye harshe. Mutum ba ya iya haɗiye harshensa, cokalin ne zai karya masa haƙori ko ya shaƙe shi, abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe. Maciji ya sari wani, jarumi ya tsaga wurin ya tsotse ya tofar, alhali dafin da zai fito bai taka kara ya karya ba, sai ƙarin rauni da ɓata lokacin zuwa asibiti. Haɓo ya zo a ce ɗaga kai sama, jinin ya bi maƙogwaro, maimakon a sunkuya gaba a matse hanci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ya kama da wuta a kan murhu, ɗan wasa ya ɗebo ruwa ya watsa, wuta ta mutu, fuskarsa ta yi baƙi, a yi dariya. A gaske ruwan nutsewa yake ƙarƙashin man, man da ke ci da wuta ya haura digiri 300 shi kuma ruwa a 100 yake tafasa, nan take ya koma tururi ya faɗaɗa kusan sau 1,700, ya watso man mai wuta har rufin ɗaki. Murfi kawai ake so a rufe a kashe murhun. Yanzu a ce wanda bai taɓa jin wannan ba sai abin da ya gani a wasa, wuta ta tashi gabansa, hannunsa ina zai fara zuwa?

Sai na asibiti. Layin bugun zuciya ya miƙe a allo, na'ura na ƙara ɗiii, likita ya ɗauko faranti biyun nan ya goga ya danna a ƙirji, mara lafiya ya zabura ya tambayi abinci. Na'urar nan mai faranti biyu, mai ba zuciya wutar lantarki, ba ta tada zuciyar da ta tsaya cak, aikinta gyara zuciyar da ke karkarwa ba tsari. Idan layi ya miƙe danna ƙirji ake yi da allura. Dannawar ma sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar santimita 5, har haƙarƙari kan karye, ba shafa-shafar da ake nunawa ba (su ma 'yan wasan ba laifinsu ba ne, mai rai suke dannawa, dole su sassauta). A 1996 wasu likitoci sun ƙirga a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, suka ga kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan taimako a wasu shirye-shiryen talabijin sun farfaɗo. Ba ma na barkwanci ba ne waɗancan, na asibiti ne masu ɗaure fuska. A zahiri wanda zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti, kamar mutum 1 cikin 10 ne ke rayuwa.

"Idan aka bi gaskiya dariyar za ta mutu"

A nan ne ban yarda ba sam, don an gwada an gani.

Wasan barkwancin Amurka The Big Bang Theory ya yi zango 12, daga 2007 zuwa 2019, kuma suna da farfesan kimiyyar fiziks na jami'ar UCLA, David Saltzberg, wanda ke duba rubutun, shi ke cika allunan da ake gani a bayan 'yan wasa da lissafi na gaske. Mutum 99 cikin 100 ba su san me ke jikin allon ba. Bai hana kowa dariya ba, kuma wanda ya sani ya samu ƙarin nasa daɗin.

Na katun ɗin Futurama ma ya fi. A 2010 sun yi wani kashi inda wata na'ura ke musanya hankalin mutum biyu, wannan ya koma jikin wancan, amma ba ta sake musanya mutum biyun da ta riga ta yi wa. Kowa ya rikice a jikin wani, yaya za a mayar da su? Marubucin, Ken Keeler, yana da digirin digirgir a lissafi daga Harvard, maimakon ya yi rufa-rufa sai ya zauna ya tabbatar a lissafce cewa komai yawan waɗanda suka cakuɗe, idan aka kawo sabbin mutum biyu da ba su taɓa shiga na'urar ba za a iya mayar da kowa jikinsa. Aka nuna hujjar a allo a cikin katun ɗin. Na'urar ƙarya ce tsagwaronta, babu ita babu dalilinta, amma dokar da suka kafa mata sun bi ta har ƙarshe.

Akwai ma waɗanda ke yin kuskuren da gangan don su tsokani masu ƙwaƙulo, kuma wannan ya fi burge ni. Akwai wata tsohuwar magana ta masanin lissafi Pierre de Fermat tun wajen 1637, cewa idan ka ninka lamba da kanta fiye da sau biyu, ba za ka taɓa samun biyu irin haka da za ka haɗa su ba ka ta uku daidai ba. Sai da aka shafe sama da shekara 350 kafin Andrew Wiles ya tabbatar da ita, aka buga a 1995. A shekarar nan masu katun ɗin The Simpsons suka saka a bayan fage cewa idan aka ninka 1782 da kanta sau 12, aka ninka 1841 da kanta sau 12, aka haɗa, daidai yake da 1922 da aka ninka da kanta sau 12. Ka danna a ƙaramin kalkuleta zai ce maka haka ne, don lambobi tara na farko duk sun dace. Amma ko ba kalkuleta za ka kama su: 1782 tana rabuwa biyu daidai, 1841 ba ta rabuwa, ka haɗa su dole amsar ba za ta rabu ba, ita kuwa 1922 tana rabuwa. David Cohen, marubucin wasan da ya rubuta manhajar da ta nemo lambobin, ya dawo a 1998 da 3987 da 4365 da 4472, ya toshe waccan ƙofar. Masu naci suka sake kama shi, don biyun farko suna rabuwa uku, ta ƙarshen ba ta yi. Wannan fa wasa ne tsakanin marubuci da mai kallon da ya ɗauka yana da kai.

To idan katun zai iya wannan, me zai hana mai rubuta fitowar gobara ya ɗauki waya ya tambayi ɗan kwana-kwana ɗaya? Kuma dariyar ba inda za ta je. Bari wawan ya ɗebo ruwan, wani ya fizge bokitin ya ɗora murfi, ko ya watsa ɗin wuta ta cinye labule, duk abin dariya ne, kuma mai kallo ya tashi da abin da ya dace.

Inda masu ƙwaƙulo ke ba ni haushi

Yanzu bari in juyo kan mutanena, don abokin nan nawa yana da tasa gaskiyar. Akwai masu kallo da remot a hannu kamar masu gadin jarrabawa. Kofi na cike kyamara ta juya ta dawo ya koma rabi, agogon bango ya ce ƙarfe uku bayan daƙiƙa goma ya ce biyar, a zango na biyu an ce ranar haihuwarta watan Maris a na shida an ce Oktoba. Eh kuskure ne, fitowa ɗaya ana ɗaukarta sau da yawa a yanka a haɗa, marubuta kuma suna canzawa cikin shekaru. Ganowa akwai daɗi, ni ma ina yi. Amma mutum ya rubuta dogon sharhi a kan kofi ya wuce cokalin farfaɗiya bai ce komai ba, an bar jaki ana dukan taiki kenan.

Na biyu, da yawa ba sa bambance kuskuren marubuci da na wanda ake kwaikwaya. Idan sakaran cikin wasa ya ce kashi 10 na ƙwaƙwalwa kaɗai muke amfani da shi, kowa ya kalle shi aka yi tsaki, wannan ba kuskure ba ne, an nuna mana sakarcinsa ne. Matsalar ita ce idan gwanin cikin wasan, mai tabarau da farin kwat, shi ya faɗa, labarin kuma ya gaskata shi. Abin dubawa kenan kullum: wa ya faɗa, kuma me ya biyo baya?

Na uku, wasu gyaran nasu ma gyara yake nema. Za ka ji an ce iskar hiliyom da ake zuƙa daga balan-balan tana ɗaga murya sama ne saboda tana matse maƙogwaro. A'a. Igiyoyin murya na kaɗawa yadda suka saba, sauti ne ke gudu kusan ninki uku a cikin hiliyom fiye da iskar da muke shaƙa, sai launin muryar ya canza. Kuma abin da ya kamata a faɗa ba a faɗa, cewa iskar na korar iskar numfashi daga huhu, mutane sun suma, wasu sun mutu a wajen wannan wasa.

Gyara mai kyau yana da gajarta kuma shi ma yana ba da dariya. Masanin taurarin nan Neil deGrasse Tyson ya taɓa gaya wa Jon Stewart a cikin shirinsa The Daily Show cewa duniyar da ke juyawa a farkon shirin baibai take juyawa. Duniya daga yamma zuwa gabas take juyawa, shi ya sa rana ke fitowa ta gabas. Jimla ɗaya, aka yi dariya, kowa ya ƙaru. Bai tsayar da shiri minti 15 yana lacca ba, wanda in faɗi gaskiya shi na so in yi ranar nan kafin a tare ni.

Na hankali kuma fa?

A nan na fi sassauci. Miji ya manna gashin baki na roba matarsa ta shekara goma ba ta gane shi ba, na haƙura. Rikicin da saƙon waya ɗaya zai kashe a ja shi rabin awa, na haƙura, idan kowa ya yi abin hankali a wasan barkwanci minti biyu za a tashi. Mutumin da ya zama ba a ganinsa ma, a ƙa'ida makaho zai zama tunda haske ratsa idonsa zai yi ya wuce ba abin da zai tare shi, amma wa ya damu.

Abin da ba na yafewa shi ne wasa ya kafa dokarsa da bakinsa ya taka ta. Ka ce mini fatalwar nan ba ta iya taɓa komai, hannunta ratsa ƙofa yake, to na karɓa. Bayan minti biyar kuma ta ɗauki waya ta kira wani don marubuci ya rasa yadda zai fitar da labarin. Wannan ba barkwanci ba ne, lalaci ne, kuma ko wanda bai iya faɗin dalili ba zai ji dariyar ta yi sanyi, don abin dariya na tsayawa ne a kan abin da ka sa mutum ya yi tsammani.

Shi dai ƙanin nawa na samu na yi masa bayanin bugun kan bayan an gama wasan, ba remot a hannu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, wanda ake shaƙa wa ƙyalle a hanci ya sume nan take fa?" Na ce masa shi ma mintuna yake ɗauka ba daƙiƙa biyu ba, kuma tazarar da ke tsakanin sumar da mutum da kashe shi da sinadarin da ake jiƙa ƙyallen da shi, wato kulorofom, ƙarama ce, shi ya sa asibitoci suka daina amfani da shi tuntuni. Abokina ya miƙa hannu ya ɗauke remot ɗin ya sa a aljihu, ya kunna kashi na gaba da maɓallin jikin talabijin.